Percy Girouard: Injiniyan da ya kai dogo ƙofar Omdurman da ƙofar Kano

Kafin yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, duk wanda ya je Suk Libya da ke Umbadda, a yammacin Omdurman, ya tambayi hanyar Kano, hanyar mota za a kwatanta masa: ya ratsa Kordofan da Darfur, ya shiga Chadi ta Adre, ya bi Abeche zuwa Njamena, ya ɗan taka Kamaru, sannan ya faɗa Maiduguri. Jirgin ƙasa ba ya cikin lissafi. Alhali akwai layin dogo a Khartum, akwai shi a Kano, kuma faɗinsu ɗaya ne, wato milimita 1,067 tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Da an haɗa su, taragon da aka yi wa lodi a Kano zai iya gangarawa har bakin Bahar Maliya ba tare da an sauke kayansa ba.

Wannan dacewar tana da alaƙa da mutum ɗaya, wani injiniyan soja ɗan ƙasar Kanada mai suna Édouard Percy Cranwill Girouard. Shi ya shimfiɗa layin da ya kawo rundunar Kitchener ta ci Omdurman a 1898. Shekara tara bayan nan, shi ne gwamnan da ya tsara layin da ya isa Kano. Hausawan da ke zaune a Sudan, waɗanda kakanninsu suka taso daga Kano da Sakkwato da Katsina da Damagaram da niyyar hajji, ƙafar wannan mutum ta taka farkon hanyarsu da ƙarshenta, ko da yake kaɗan ne daga cikinsu suka san sunansa.

Daga Montreal zuwa Woolwich

An haifi Girouard a birnin Montreal ranar 26 ga Janairun 1867. Mahaifinsa, Désiré Girouard, lauya ne daga cikin mutanen Kanada masu magana da Faransanci, ya yi ɗan majalisa, daga baya ya zama alƙali a Kotun Ƙolin ƙasar. Mahaifiyarsa, Essie Cranwill, 'yar asalin Ailan ce. Saboda haka yaron ya tashi da harsuna biyu, Faransanci da Ingilishi, kuma ɗan ɗariƙar Katolika ne, abin da ba a cika gani ba a cikin manyan hafsoshin Ingila na lokacin.

Ya shiga kwalejin soja ta Kingston yana ɗan shekara goma sha biyar, ya kammala a 1886. Bai shiga soja kai tsaye ba. Sai da ya yi shekara biyu yana aikin awo da shimfiɗa dogo a dazukan jihar Maine ta Amurka, a wani layi na kamfanin Canadian Pacific. A can ya koyi salon aikin Amurkawa: a yi sauri, a rage kashe kuɗi, a sa jirgi ya fara gudu tukuna, gyara ya biyo baya. Wannan salo ya bi shi har ƙarshen aikinsa.

A 1888 ya samu gurbi a rundunar injiniyoyin sojan Ingila. Daga 1890 zuwa 1895 shi ke kula da zirga-zirgar jiragen ƙasa a cikin babbar masana'antar makamai ta Woolwich da ke Landan, inda kullum ake jigilar igwa da albarushi daga wannan rumbu zuwa wancan. Tun a lokacin ya rubuta ƙasida kan yadda za a ɗora manyan bindigogi a kan tarago don tsaron gaɓar teku. Tun yana matashi, a wurinsa jirgin ƙasa kayan yaƙi ne kafin ya zama abin hawan fasinja.

Dogo a cikin hamada

A 1896 Ingila ta yanke shawarar sake kama Sudan da sunan Masar. Tun 1885 ƙasar tana hannun Ansaru, mabiya Mahadi Muhammad Ahmad, kuma bayan rasuwarsa Halifa Abdullahi ne ke mulki daga Omdurman. Babban abin da ya hana rundunonin baya nasara shi ne nisa da ƙishirwa. Kogin Nilu yana da duwatsu da gangare a wurare da dama, jirgin ruwa ba ya wucewa sai lokacin cikowa, raƙumi kuwa yana cinye rabin abin da ya ɗauko kafin ya isa.

Kitchener, shugaban sojojin Masar, ya ɗauko Girouard yana laftanar ɗan shekara 29, ya ba shi ragamar layin dogon rundunar. Aikinsa na farko shi ne ya farfaɗo da tsohon layin da aka fara tun zamanin Khedive Isma'il daga Wadi Halfa, ya miƙa shi kudu ta bakin kogi don yaƙin Dongola. Shekarar ta zo da masifu. Kwalara ta shiga sansani ta kashe ma'aikata, a watan Agusta kuma ruwan sama mai ƙarfi ya kwashe kilomitoci na layin a wurin da ake shekaru ba a ga ruwa ba. Aka gyara, Dongola ta faɗi a watan Satumba, Girouard ya samu lambar yabo.

Daga nan Kitchener ya zo da shawarar da ƙwararrun injiniyoyi suka ce ba za ta yiwu ba. Tsakanin Wadi Halfa da Abu Hamad, Nilu yana yin wani babban lanƙwasa. Wanda ya bi kogi zai yi tafiyar da ta ninka ta miƙe fiye da sau biyu. Shi yana son a yanke kai tsaye ta hamadar Nuba, kimanin kilomita 370, babu gari, babu inuwa, babu taswirar kirki, kuma ƙarshen layin yana hannun Ansaru.

Matsalar ita ce ruwa. Injin jirgin wancan zamani da tururi yake aiki, yana shan ruwa fiye da yadda yake cin kwal. Dole kowane jirgi ya ɗauki ruwan zuwansa da na dawowarsa, da na ma'aikata kusan 2,500 da ke bakin aiki, sannan a samu sauran wuri don ƙarafa da katakon shimfiɗa. Duk lokacin da layi ya ƙara tsawo, taragon ruwa yana ƙaruwa, na kaya yana raguwa. Girouard ya zauna ya lissafa komai a cikin wani babban littafi, tun daga injin jirgi har zuwa ƙusa da fitila, aka yi oda a kan wannan lissafi. An sayo wasu injinan daga Ingila, wasu daga Amurka, wasu kuma aro aka yi daga Cecil Rhodes na Afirka ta Kudu, wanda ke mafarkin layi ɗaya daga Cape zuwa Alƙahira. Faɗin layin da aka yi amfani da shi, ƙafa uku da inci shida, daidai yake da na Afirka ta Kudu. Ya kuma buɗe makaranta a Wadi Halfa don koya wa sojojin Masar aikin tasha da sigina da wayar tangaraho.

An fara aiki ranar 1 ga Janairun 1897. Masu ɗaukar ƙarfe da tona ƙasa sojojin Masar ne da aka ɗauka bisa tilas, da fursunoni, da 'yan Sudan da aka kama a yaƙi. Sansaninsu na tantuna yana matsawa gaba duk bayan 'yan kwanaki. Da aiki ya kankama sukan shimfiɗa kilomita uku zuwa huɗu a yini. Sa'a ta zo musu da aka haƙa rijiya aka tarar da ruwa a wurare biyu, ɗaya kimanin kilomita 125 daga Halfa, ɗaya kimanin 200. Tashoshin da ke cikin hamadar ba su da suna sai lamba, kuma har yau da lambobin ake kiran su. Sojoji suka kama Abu Hamad a watan Agusta, layi ya iske su ranar ƙarshe ta Oktoba. A farkon Yulin 1898 ya kai Atbara.

Karari

Tafiyar da raƙumi ke yi a mako biyu ko fiye ta koma kwana ɗaya. Ta wannan layi aka kwaso sojojin Ingila da na Masar, da igwa, da bindiga mai ruwa, da abinci. Har jiragen ruwa na yaƙi a gutsure aka ɗora su a tarago, aka harhaɗa su a bakin kogi kusa da Barbar. Ɗaya daga cikinsu, Melik, ya daɗe a girke a Khartum bayan ya daina aiki.

Ranar 2 ga Satumban 1898 rundunonin biyu suka haɗu a filin Karari, arewa da Omdurman. Kafin azahar an kashe Ansaru sama da 10,000. A ɓangaren Kitchener waɗanda suka mutu ba su kai 50 ba. A cikin mabiya Mahadi akwai mutanen yamma, Fulani da Hausawa da Barebari, waɗanda 'yan Sudan ke kira Fallata ko Takarir, da suka zo tun kafin lokacin ta hanyar hajji. Winston Churchill, wanda ya halarci yaƙin yana matashin hafsa, ya ware babi guda a littafinsa na 1899 kan wannan layin dogo, kuma ra'ayinsa shi ne tun ranar da jirgi ya isa Atbara aka gama da Halifa.

Ba a kan Girouard aka ƙarasa layin ba. A cikin 1898 aka ɗauke shi aka naɗa shi shugaban hukumar jiragen ƙasa ta Masar. Mataimakansa suka kai layin Halfaya, wato Bahri ta yanzu, a ƙarshen 1899. A shekarar kuma yaƙi ya tashi tsakanin Ingila da Turawan Boer a Afirka ta Kudu, aka kira shi ya riƙe dukkan layukan dogon rundunar. Boer suna fasa gadoji, mutanensa suna gyarawa, ana tsare layi da tarago masu sulke. A 1900 aka ba shi sarautar Sir yana ɗan shekara 33. Bayan yaƙin ya ci gaba da shugabancin jiragen ƙasa na Transvaal da Orange River, ya auri Mary Gwendolen Solomon a 1903, amma a 1904 saɓani da masu haƙar zinariya da 'yan majalisa ya sa ya ajiye aiki ya koma Ingila.

Zungeru, Baro, Kano

Lugard ya ci Kano da Sakkwato a 1903, ya bar Arewacin Nijeriya a 1906. Yankin yana da faɗi, kuɗin shigarsa kaɗan ne, kowace shekara sai baitulmalin Ingila ta cike giɓi. Masu masaƙu a Lancashire kuwa suna matsa wa gwamnati lamba, sun ƙwallafa rai ƙasar Hausa za ta wadata su da auduga idan aka samu hanyar fitar da ita. Churchill, wanda a lokacin ƙaramin minista ne a ofishin kula da ƙasashen mallaka, bai manta da injiniyan hamadar Nuba ba. A 1907 aka tura Girouard Zungeru ya gaji Lugard.

Ya tarar da gardama. Gwamnan Kudu, Walter Egerton, yana son a miƙo layin Legas har Kano. Mutanen Lugard suna son layin Arewa na kanta, wanda zai tashi daga bakin Kogin Kwara, don kada Legas ta riƙe mata wuya. Girouard ya goyi bayan layi daga Baro, wani ƙaramin gari a ƙasar Nufe inda jiragen ruwa ke iya isowa daga teku, ya bi Minna, ya ƙetare Kogin Kaduna, ya ratsa Zariya zuwa Kano, kimanin kilomita 570. Ya dage kan abu biyu. Na farko, faɗin layin ya zama ƙafa uku da inci shida kamar na Legas da na Sudan, ba ɗan siririn layi mai araha da wasu suka kawo shawara ba. Na biyu, ma'aikatar ayyuka ta gwamnati ce za ta yi aikin a ƙarƙashin John Eaglesome, ba 'yan kwangila daga Landan ba. Landan ta amince a 1907, ta kuma yarda a ci gaba da layin Legas har su haɗu.

Layin Baro zuwa Kano ya shiga jerin mafi araha da aka shimfiɗa a Afirka ta Yamma, kuma arahar a wuyan talaka ta fito. Razdan ya gaya wa sarki yawan mutanen da ake so, sarki ya raba wa hakimai, hakimai su raba wa dagatai, a tattaro mutane a kai su bakin aiki na makonni, wani lokaci a tsakiyar damina. Ana biyan su 'yan kuɗi, amma ba su da ikon cewa a'a. Nufawa da Gwari da mutanen Zazzau su suka fi ɗanɗanawa. A 1909 mutanen Gussoro a ƙasar Gwari suka yi bore suka kashe wani jami'in Turawa da 'yan sandansa, neman leburori na cikin abin da ya harzuƙa su, sojoji kuma suka zo suka murƙushe garin. A wannan zamani kalmar diga ta zauna a bakin Hausawa, har Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi ya yi waƙa a kan aikin, wadda aka sani da Waƙar Diga. Kuɗin ƙarfe da aka riƙa biyan leburori da su suna cikin abin da ya kori wuri daga kasuwa.

Akwai wani aiki na Girouard da ya fi dogo daɗewa. Ya ga yadda filaye ke tsada duk inda jirgi ya bi, ya ji tsoron kamfanonin Turawa da masu kuɗi za su saye ƙasar. Ya sa aka kafa kwamiti a Landan a 1908, daga rahotonsa aka fitar da dokar filaye ta 1910, wadda ta ɗora duk ƙasar Arewa a hannun gwamna a matsayin amana ga 'yan ƙasa. Dokar ta hana baƙi mallakar gonaki irin yadda aka yi a Kenya da Rodeshiya, amma kuma ta mayar da gwamnati mai iko na ƙarshe a kan gonar kowa. Dokar filaye ta Arewa ta 1962 da ta Nijeriya ta 1978 duk daga wannan tushe suka tsiro.

A nan ma bai ga ƙarshen aikinsa ba. An ɗauke shi a 1909. Layi ya isa Kano a watan Maris na 1911, zamanin Sarki Abbas, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912, shekarar da ya haɗu da na Legas a Minna. A Jebba sai an ɗora taragu a jirgin fito, har zuwa 1916 da aka gama gada.

Abin da jirgi ya ɗauka

Audugar da aka yi layin dominta ba ta zo yadda aka zata ba. Masaƙan Kano suna biyan manomi fiye da abin da Bature zai biya, manomi kuwa ya lura gyaɗa ta fi riba, ga shi idan fari ya zo ana iya cin ta. Fataken goro, waɗanda suka daɗe da sanin hanyar Gwanja kuma suna da jari da yara a kowane ƙauye, suka juya ga sayen gyaɗa. Alhassan Ɗantata na cikinsu. Gyaɗar da Nijeriya ta fitar a 1912 ba ta kai tan 3,000 ba, a 1913 ta haura tan 19,000, har tashar Kano ta rasa taragun kwashewa. Daga nan dalar gyaɗa ta samo asali.

Wasu kuma jirgin ya karya su. Ayarin raƙuma da ke ɗaukar fata da gashin jimina daga Kano zuwa Tarabulus cikin watanni ya rasa dalilin tafiya, tun da kaya na iya isa teku a 'yan kwanaki. Baro kanta, da aka yi zaton za ta zama ƙofar Arewa, ta koma gefe bayan an haɗa layin Legas, don kogin ba ya ɗaukar manyan jirage sai lokacin cikowa. Kaduna kuwa, wadda mahaɗar dogo ce ta raya ta, ta zama hedikwata a 1917. Hausawan ƙasar Faransa, na Maraɗi da Tasawa da Damagaram, ba a kai musu layi ba, sai suka riƙa sauko da gyaɗarsu a jaki da raƙumi, daga baya a mota, zuwa tashoshin Kano da Ƙaura Namoda da Nguru.

Kenya da ƙarshen rayuwa

Daga Zungeru aka kai Girouard Nairobi ya zama gwamnan Afirka ta Gabas. Mutumin da ya hana Turawa sayen ƙasar Hausa, a can sai ya tsaya wa Turawa 'yan kaka-gida. A 1911 gwamnatinsa ta sa shugabannin Masai hannu a yarjejeniyar da ta tashe su daga makiyayar Laikipia zuwa kudu, duk da alkawarin da aka yi musu a 1904 cewa wurin nasu ne. An yi asarar mutane da shanu a hanya. Da ministan ƙasashen mallaka, Lewis Harcourt, ya gano an riga an yi wa Turawa alkawarin filayen ba a gaya masa ba, aminci ya ƙare tsakaninsu. Girouard ya yi murabus a 1912, yana ɗan shekara 45, bai sake riƙe wata ƙasa ba.

Ya shiga hukumar gudanarwar Armstrong Whitworth, kamfanin ƙera makamai da jiragen ruwa na Newcastle. A 1915, da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya yi zafi, Lloyd George ya ba shi babban muƙami a sabuwar ma'aikatar samar da makamai, amma ba su jitu ba, cikin 'yan makonni ya bar wurin ya koma kamfani. A shekarar aurensa ya mutu. Ya rasu a Landan ranar 26 ga Satumban 1932. A Kanada an sa wa wani dutse sunansa a yankin Banff, da wani gini a tsohuwar kwalejinsa ta Kingston.

Tsakiyar hanya

A shekarun da Girouard ke Zungeru, hanyar gabas cike take da mutane. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a watan Yulin 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a suka ƙetara har bakin Shuɗin Nilu, kusa da Sennar, inda garin Mai Wurno yake a yau. Bayansu maniyyata suka ci gaba da kwarara, a ƙasa da kan jaki, ana tafiya ana tsayawa noma ko ƙwadago, wasu shekara biyu, wasu bakwai, wasu har abada.

Layin Sudan ya riƙa matsowa wajensu. A 1906 ya haɗa Atbara da Bahar Maliya, ya ƙetara Khartum ya bi Wad Madani da Sennar da Kosti, aka buɗe tashar El-Obeid a 1912, shekara ɗaya da buɗe tashar Kano. Layin da aka shimfiɗa don cin Omdurman sai ya zama abin hawan alhazai: wanda ya isa El-Obeid da kuɗin tikiti, jirgi zai kai shi har kusa da Sawakin, inda ake killace maniyyata kafin su haye zuwa Jidda. Wanda ba shi da kuɗi sai ya sauka a Jazira, musamman bayan an gama madatsar Sennar a 1925, ya tsinci auduga ya tara guzuri. Unguwannin Hausawa na Wad Madani da Gadarif da Kassala da Port Sudan a bakin wannan layi suka girma, daga cikinsu kuma iyalai da yawa suka gangaro Khartum da Omdurman.

Amma tsakanin Kano da El-Obeid akwai sama da kilomita 2,000, kuma a tsakiya akwai Chadi, ƙasar Faransa. Babu gwamnatin mallakar da ta ga ribar haɗa su. Kowane layi an ja shi ne daga inda kaya suke zuwa tashar jiragen ruwan mai mulkin ƙasar. Faransa ma nata layukan, na Dakar da Abidjan da Kwatano, faɗin mita ɗaya ta yi musu, ba sa shiga na Ingila.

Sauran fasahohi ne suka cike giɓin. A watan Nuwamban 1925 jiragen saman sojan Ingila uku suka sauka a Kano, sun taso daga Masar ta Sudan da Fort-Lamy. A 1936 aka fara jigilar wasiƙu ta sama tsakanin Khartum da Kano. A ƙasa kuma manyan motoci suka karɓi aikin jaki, a 1948 attajiran Kano, ciki har da Mahmud Ɗantata da Haruna Kasim da Ibrahim Musa Gashash, suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai ta Afirka ta Yamma, suna kai maniyyata a mota har inda dogon Sudan ya fara. Daga shekarun 1950 jirgin sama ya fara ɗaukar alhazai daga Kano zuwa Jidda kai tsaye, a hankali hanyar ƙasa ta zama ta marasa hali. Waɗanda suka riga suka zauna a Sudan suka ga baƙi daga gida suna raguwa, labarin dangi yana yankewa.

Bayan samun 'yancin kai layukan biyu sun ƙara matsowa kusa. Na Sudan ya isa Nyala a 1959, na Nijeriya ya isa Maiduguri a 1964. Sauran sama da kilomita 1,200 a miƙe, a nan aka tsaya. Chadi ba ta da layin dogo har yau. A taron ƙolin ƙasashen Musulmi na Dakar a 2008 an amince da shirin layi daga Dakar zuwa Port Sudan, amma bai wuce takarda ba. Layin da aka shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso tsakanin 2014 da 2016 bai yi jigila ba.

Yanzu sabon zamani ya zo da nasa awon. Layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, da na Legas zuwa Ibadan na 2021, da na Kano zuwa Maraɗi ta Daura da Katsina da Jibiya wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021, duk faɗinsu milimita 1,435 ne. Tsakanin Addis Ababa da Jibuti jirgin lantarki ke gudu, tsakanin Makka da Madina kuma tun 2018 alhaji yana yin tafiyar ƙasa da awa uku. A Sudan, jirgin fasinja na zamani da aka sayo daga Sin ya fara aiki tsakanin Khartum da Atbara a 2014, a kan tsohon faɗin Girouard, kafin yaƙi ya dagula komai. Duk ranar da aka zauna sake gina layukan Sudan, sai an yanke shawara kan faɗin da za a bi da inda layi zai dosa, kuma shawarar za ta ɗaure jikoki kamar yadda ta 1897 da ta 1907 suka ɗaure kakanni.

An tsara layin Kano zuwa Maraɗi ne don ya ƙetare iyakar da ta raba ƙasar Hausa biyu. Ta gabas kuwa, ɗan Umbadda da ke son ganin garin kakansa har yanzu hanyar mota ce a gabansa, ta Adre da Abeche, idan an samu zaman lafiyar bin ta.